Yadda Maƙwabta Za Su Tsare Unguwarsu Ba Tare Da Sun Mai Da Kansu 'Yan Sanda Ba

Ɓarawon da ke haura katanga ba ya son wahala, ba ya son ya daɗe a wuri, kuma babu abin da yake gudu kamar a gan shi a gane shi. A 1979 wasu masana biyu na Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, sun bayyana cewa sata ba ta aukuwa sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya: mai niyyar ɗauka, abin ɗauka, da rashin mai sa ido. Niyyar da ke zuciyar wani ba a hannunmu take ba. Sauran biyun kuwa aikin mazauna ne, kuma mai sa idon nan ba sai mai kaki ba. Dattijuwar da ke zama bakin ƙofa da hantsi, da mai shagon da ya san fuskar kowa a layi, da ɗalibin da ke karatu kusa da taga cikin dare, duk suna cikin lissafi.

Aikin maƙwabci a wannan sha'ani uku ne: ya san mutanensa, ya lura, ya kai rahoto. Kamu da bincike da hukunci na hukuma ne. A kan wannan rabon aiki aka gina duk matakan da ke tafe.

Mataki na farko: ku san juna

Wannan ne matakin da aka fi rainawa. Sai a tsallake shi a tafi sayen tocila da usur, alhali shi ne ginshiƙi. A birnin Shikago na Amurka, Robert Sampson da abokan aikinsa sun yi wa mutum 8,782 tambayoyi a unguwanni 343, suka fitar da sakamakon a 1997. Tambayoyin ba su da wuya. In yara sun gudu daga makaranta suna zaman banza a kwanar layi, maƙwabtanka za su tanka? In faɗa ya kaure a ƙofar gidanka, wani zai shiga tsakani? Ka yarda da mutanen layinku? Unguwannin da mutane suka fi yarda da juna, suka fi shirin tankawa, su ne suka fi ƙarancin tashin hankali, ko bayan an yi la'akari da talaucin da ke cikinsu.

Kada ka ce za ka haɗa unguwa gaba ɗaya a tashin farko. Fara da gidaje goma zuwa goma sha biyar: waɗanda ƙofofinsu ke kallon taku, na dama da na hagu, da waɗanda kuka haɗa katanga ta baya. Na bayan nan su ake yawan mantawa da su, kuma ta baya ɓarawo ya fi son shiga. Ku tafi ku biyu, ku ƙwanƙwasa, ku faɗi sunanku da gidan da kuke, ku ce kuna son musayar lambar waya saboda ko-ta-kwana. Wanda ya ƙi, ku ƙyale shi da fara'a, zai iya zuwa daga baya.

Ku rubuta gida-gida: sunan manyan gidan, lamba biyu, motar ko babur ɗin da aka saba gani a ƙofar. Kada a rubuta lokacin fita aiki ko ranar tafiya, domin takarda na iya faɗawa hannun da ba a so. Kuma ku sa kowa a ciki, da mai gida da ɗan haya, da wanda ya tare jiya, da wanda harshenku ko addininku ba ɗaya ba. Wanda aka bari a waje shi za a fara zargi ranar da abu ya ɓace, kuma shi ba zai kira kowa ba ranar da ya ga ana ɓalle maka ƙofa.

Mataki na biyu: ku gano inda matsalarku take

Ku zauna zama na farko, kada ya wuce awa ɗaya. In aka bar shi a sake, zai koma zaman ƙorafi da labarin abin da ya faru a wata unguwa. Tambaya ɗaya za a bi: a wata shida da suka wuce, me aka yi a nan, a ina, da wane lokaci, ta ina aka shiga? Mutum ɗaya ya zana layin a takarda, yana sa alama a duk wurin da aka ambata.

Za ku ga alamomin sun taru a wuri biyu ko uku. Haka abin yake kusan ko'ina. A birnin Miniyapolis na Amurka, binciken Lawrence Sherman da abokansa na 1989 ya nuna cewa rabin kiran da aka yi wa 'yan sanda ya fito ne daga kimanin kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin. Ke nan ba dukan unguwa za ku tsare da ƙarfi ɗaya ba. Lungu guda ne, da kango guda, da wata kwana mai duhu inda ake ƙwace waya.

Daga nan ku taka layin da ƙafa sau biyu, da rana da kuma bayan dare ya yi. Ku dube shi da idon mai son shiga: ina zan tsaya ba a gan ni ba, wace katanga ce ke da abin takawa, wane gida ne ya nuna alamar babu kowa? Tafiyar dare ta fi faɗin gaskiya, domin wurin da ke da kyau da azahar yakan zama wani abu dabam da ƙarfe goma.

Kafin a tashi a zaɓi mutum biyu masu haɗa kan jama'a. In za a tara kuɗi, a rubuta shiga da fita, a karanta a gaban kowa. Rigimar kuɗi ta rusa irin wannan haɗin kai fiye da yadda ɓarayi suka rusa shi.

Mataki na uku: ku je wurin 'yan sanda tun ba a yi komai ba

Tsarin sa idon maƙwabta da ƙungiyar shugabannin 'yan sandan gundumomi ta Amurka ta ƙaddamar a 1972, da wanda aka fara a ƙauyen Mollington na Ingila a 1982, duka tare da 'yan sanda aka kafa su. Mutum biyu ko uku su je ofishin da ke kula da yankinku, su gabatar da kansu, su nemi amsar abu huɗu: lambar da ake kira cikin gaggawa, lambar da ake kira in ba gaggawa ba, sunan jami'in da za a riƙa tuntuɓa, da abin da doka ta yarda farar hula ya yi in ya ga ana aikata laifi. Wannan na ƙarshe ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a ji daga bakinsu.

Na san wani zai ce ai ko an kira ba sa zuwa da wuri. Ko da haka ne, a kai rahoto, a karɓi lambar shigar da ƙara in ana bayarwa, ku ma ku ajiye naku rubutun. Sata goma da ba a kai rahoto ba, a wurin hukuma ba a yi ko ɗaya ba. Takarda mai kwanan wata da lokaci da wuri ita ce za ku ɗora a tebur ranar da kuke neman a ƙara sintiri ko a gyara fitilu.

Mataki na huɗu: ku gyara wurin

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku koma kan alamomin da kuka sa a takarda, ku bi su ɗaya bayan ɗaya.

Haske ne kan gaba. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York, aka kafa manyan fitilu a wasu aka bar wasu, sai manyan laifukan da ake yi a waje da dare suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a inda aka haska. Ba sai kun sayi irin nasu ba. Kowane gida ya sa ƙwan fitila ɗaya a waje, a kafa shi sama inda hannu ba ya kaiwa, ya haska ƙofa da hanya, kada ya dalle idon mai wucewa. Inda wuta ba ta tsayawa, a nemi mai aiki da hasken rana.

Sai filaye da kangaye. A birnin Filadelfiya na Amurka an ɗauki ɗaruruwan filayen da aka yi watsi da su, aka kwashe shara a wasu, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye su da gajeren shingen katako. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da aka gyara a unguwannin matalauta. Gajeren shingen nan ba ya hana kowa shiga. Abin da yake sanarwa shi ne wurin yana da masu kula da shi. Ku nemi mai kangon ya toshe ƙofa da tagogi, ku sare ciyawa, ku rage rassan da ke rufe fitila.

A cikin gida kuma kowa ya duba nasa. Kwaɗo mai tsada a jikin ruɓaɓɓen ƙyaure asarar kuɗi ce, don haka a duba ƙyauren da madogararsa da sakata. A ɗauke tsani da ganga da tarin bulo daga jikin katanga. A daina ɓoye makulli ƙarƙashin dutse ko saman ƙofa, nan ake fara dubawa. A rubuta lambobin da ke jikin talabijin da kwamfuta da babur, a ajiye rasit. Wayar hannu kuwa, danna *#06# lambarta ta IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, za ta fito, ka rubuta ta a wani wuri dabam. In za ka yi tafiya, maƙwabci ɗaya ko biyu da ka amince da su kawai za ka gaya wa, su riƙa kunna fitila suna share ƙofar. Ka ja wa yara kunne su daina ba da labarin tafiyar a waje, kai ma ka bar sa hotunan tafiya a intanet sai ka dawo.

Mataki na biyar: gidan da aka shiga jiya

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga wannan rubutu, wannan zan zaɓa. Mutane na ɗauka cewa gidan da aka yi wa sata ya huta, tunda an riga an kwashe. Binciken masana ya nuna akasin haka: gidan da aka shiga ya fi sauran haɗarin a sake shiga, musamman a makonnin farko, kuma gidajen da ke kusa da shi ma haɗarinsu na ƙaruwa na ɗan lokaci. Dalilin a fili yake. Ɓarawon ya riga ya san hanya, ya san abin da ya bari, ya san za a sayo sabon abu a madadin wanda ya ɗauka, kuma gidajen layi ɗaya sukan yi kama da juna a gini.

A ƙarshen shekarun 1980, a rukunin gidaje na Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, an gina shiri a kan wannan fahimta. Duk gidan da aka fasa, sai a gaggauta ƙarfafa ƙofofi da tagoginsa, a sa wa kayan gidan alama, a cire mitar wuta da ta gas da ake zuba wa tsabar kuɗi wadda ke jawo ɓarayi, sannan a roƙi gidaje shida ko bakwai da ke kewaye da shi su sa masa ido. Cikin shekara uku fasa gidaje ya ragu da kusan kashi 75 cikin 100.

Ga yadda za ku yi naku. Wanda ya dawo ya tarar da ƙofa a ɓalle kada ya shiga shi kaɗai, mai yiwuwa suna ciki. Ya koma gidan maƙwabci ya yi kira daga can. Kada a taɓa komai, kada a share, kada jama'a su cika ɗakin da sunan jaje kafin 'yan sanda su gani. A ɗauki hoton wurin da aka shiga. A ranar, ba gobe ba, a gyara ƙofar ko tagar, a canza makulli in an ɗauki na gidan. Kafin dare masu haɗa kan jama'a su bi gidajen kewaye su faɗi ta inda aka shiga da lokacin, domin kowa ya duba irin wannan wurin a gidansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sannan a yi wata guda ana sa wa gidan ido na musamman: fitilar waje a kunne, wani na leƙawa da rana, kowa ya san motar da ta saba tsayawa a ƙofar.

Kada kuma a manta da mutanen gidan. Wanda aka shiga ɗakin kwanansa yakan daɗe bai yi barci mai daɗi ba. Ku riƙa leƙa su, kuma ku bar tambayar me ya sa ba su kulle ba.

Mataki na shida: abin da za ka lura da shi, da yadda za ka faɗe shi

Aiki ake zargi, ba kamanni ba. Baƙuwar fuska, ko tsofaffin tufafi, ko wani harshe, ko tsayuwa a inuwa, babu laifi a ciki. Abin lura shi ne mutum yana gwada ƙofofin motoci ɗaya bayan ɗaya, ko yana leƙa tagogi, ko ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba da ba a amsa ba ya zagaya baya, ko ana loda kaya daga gidan da ka san masu shi sun yi tafiya. Baƙon da kawai ka ga yana dube-dube, gaisuwa ta ishe shi: "Sannu, wa kake nema? Ko in nuna maka gidan?" Mai neman gida zai gode maka. Mai wata niyya ya san an ga fuskarsa.

In abin ya kai a kira, tsaya inda kake, daga nesa, ka riƙe bayanai. Fara da wuri, domin ko waya ta katse an san inda za a zo. Rahoto mai amfani kamar haka yake: "Layi na uku, gida mai koren ƙyaure. Ƙarfe biyu da kwata na rana. Namiji ɗaya, dogo, siriri, zai yi shekara talatin, shuɗiyar riga, tabo a kuncin hagu, yana ɗingishi. Ya gwada ƙofofin motoci uku. Ya hau jan babur, lambar ta ƙare da 47, ya yi gabas." Riga ana canza ta cikin minti ɗaya, amma tabo da tafiya da murya suna nan, don haka su za ka fi riƙewa. Rubuta abin da ka gani nan take kafin ka yi magana da kowa, domin da zarar an fara hira sai ganinka ya gauraye da na wasu.

Akwai kuma tarkon "ai wani ya kira". Tun 1968 John Darley da Bibb Latané suka nuna a gwaje-gwajensu cewa yawan masu kallo na rage wa kowane ɗayansu jin cewa nauyin a kansa yake. In kai ne a wurin, ka kira. In hannunka a cike yake, kama sunan mutum ɗaya ka ce shi ya kira.

Mataki na bakwai: ku tsare bakinku

Labarin da ke yawo tsakanin maƙwabta na iya tsare rai, yana iya kashe rai. A ranar 1 ga Yuli 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra a Indiya, taron jama'a ya kashe mutum biyar baƙi saboda jita-jitar masu satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp. Ba su saci kowa ba.

Kafin ka isar da labari ga maƙwabta, tambayi kanka: ni na gani, ko ji na yi? A ina ya faru, kuma yaushe? In ba ka da amsa, ya tsaya a wurinka. Kada a ambaci sunan wani a matsayin ɓarawo, kada a yaɗa hotonsa, balle hoton yaro. In kana da suna ko hoto, 'yan sanda za ka ba. Zargin da ka sa wa ɗan maƙwabci a bainar jama'a, ko an gano kuskure ne, ba ya goguwa, kuma a ƙasashe da yawa ɓata suna abu ne da ake kai mutum kotu a kansa. In labari ya tabbata ƙarya ne, wanda ya kawo shi ya koma ya warware shi a gaban waɗanda ya gaya wa.

Mataki na takwas: iyakar da ba a ƙetarewa

Kada a bi mutum, kada a tare shi, kada a ɗauki makami. A ranar 26 ga Fabrairu 2012, a garin Sanford na jihar Florida a Amurka, wani mai kula da shirin sa idon unguwa ya ga Trayvon Martin, yaro ɗan shekara 17 da ke dawowa daga shago, ya kira 'yan sanda. Mai amsa kiran ya ce masa ba sa bukatar ya bi shi. Aka ƙare da ya harbe yaron, wanda ba ya ɗauke da makami. Da ya tsaya a kan kiran da ya yi, da aikinsa ya cika.

In kun ga sai kun yi sintiri, to da sanin 'yan sanda, mutum biyu ko fiye, da tocila da waya da usur da littafin rubutu, kuma wani a gida ya san hanyar da aka bi da lokacin dawowa. Kada a riƙa fita a lokaci ɗaya kullum. Wanda aka san shi da zafin zuciya a ba shi wani aikin.

Wata rana kuma za a iya kama wani dumu-dumu. A wannan lokacin ne ake bukatar manya masu sanyin rai. Mutum biyu ko uku su tsaya tsakaninsa da taro, a shigar da shi wuri mai ƙofa, a kira hukuma, a ajiye abin da aka same shi da shi. Lakaɗa masa duka laifi ne a doka ko da ya yi satar, kuma taron da ya fara duka ba ya jin kira. Sau nawa aka yi ihun ɓarawo a kan wanda ake bi bashi, ko mai taɓin hankali, ko baƙon da ya ɓata hanya?

Abin da ke faruwa bayan ƙofa, da yadda za a ɗore

Ba duk laifi ke haurowa ta katanga ba. Kukan mace ko na yaro da ake ji dare bayan dare, da tsohon da aka daina gani kwana biyu, su ma suna cikin abin da maƙwabci ke sa wa ido. In rai na cikin haɗari a kira hukuma nan take. In ba gaggawa ba, a sami wanda abin ya shafa shi kaɗai, a tambaye shi a hankali abin da yake bukata, kada a mai da shi abin hira.

Matasa kuma a jawo su ciki tun farko. Su ne suka san layin da dare, su ne aka fi ƙwace wa waya, kuma in aka mai da su abin zargi kawai, an rasa idanun da suka fi kowa gani. A ba su aikin duba fitilu da zana taswira da koya wa manya ajiye lambobin gaggawa a waya.

Irin wannan haɗin kai yakan yi zafi bayan an yi sata, ya huce in an sami wata biyu lafiya. Saboda haka a sa ranar zama duk wata uku, ko da babu abin da ya faru. A sabunta lambobi, a je a gaida waɗanda suka tare, a canza masu haɗa kan jama'a duk shekara don kada su gaji. A fito da taswirar farko a kwatanta da ta yanzu. In alamomin sun ragu a layinku amma kun ji an koma layin baya, ku aika mutum biyu su nuna musu yadda kuka fara, ku ba su lambar jami'in da kuke tuntuɓa.